Safiyar da Na Ɗora Muciya a Kan Inji

Waɗanda ke ƙofar gidanmu a safiyar nan ba su da yawa. Akwai ni. Akwai autana Modu, wanda ya gaji motar ubansa. Akwai matarsa Falmata, kwance a kan tabarma cikin zaure, ta kwana tana naƙuda abin ya ƙi zuwa. Akwai Ya Zara ungozoma, wadda ta karɓi haihuwar kusan rabin lungunmu na Hausari. Sai Chidi, Ibon da ke haya a gidan da ke jikin namu, mai sayar da kayan gyaran mota a kasuwa. Ban da mu babu kowa a waje, ko akuya. Sai motar, fara, tsohuwa, jikinta ya yi sanyi kamar randa.

Abin da ya taso mini da zancen nan shi ne, kwanan baya 'yan gwangwan suka zo suka yanka motar da wuta, suka loda ta gunduwa-gunduwa a kura suka tura. Jikokina suna tsaye suna dariya, wai an rabu da ƙaya. Ni ban yi dariya ba, ban kuma yi kuka ba. Na zauna a kan kujerata ina kallon inda ta bar tabon baƙin mai a ƙasa, har aka kira la'asar.

Da aka kawo ni gidan nan ina yarinya, motocin unguwar duka ana iya sanin masu su. Maigidana, Allah ya jiƙansa, direba ne, yana ɗaukar fasinja zuwa Dikwa da Gamboru. Safiya a lokacin tana da tsari, kowace ƙara da lokacinta. Ladan ne farko, sai tarin tsofaffi a hanyar masallaci, sai guga yana bugun bakin rijiya, sai taɓarya ta fara amsa taɓarya daga gida zuwa gida, sai kukan jakunan masu itace a ƙarƙashin dogon yaro. Bayan duk waɗannan ne injin maigidana yake tashi. Aikina shi ne in hura wuta, in dafa shayi, in ɗumama ruwan da zai zuba a lagireto idan ana sanyi. Shi kuma in ya tada motar ba ya taɓa giya sai ya shanye shayinsa a tsaye, hannu ɗaya a kan bonet, kansa a karkace. Fasinja su yi ta mita, ba ya ko kallonsu. Yakan ce mini, "Inji da safe tsoho ne da ya tashi daga barci. Ki bar shi ya miƙe, ki ji inda ke masa ciwo, sannan ki aza masa kaya."

Abin da ke haɗa ni faɗa da shi shi ne muciyata. In ya ji abin da bai gane ba, sai ya shigo madafa ya ɗauke ta, ya dasa bakinta a jikin inji, ya manna kunnensa a ɗaya bakin. Ya dawo mini da ita duk baƙin mai, in yi ta kankara da toka da yashi ina ƙunƙuni. Wata rana ƙunƙunin ya ishe shi, ya ce in zo. Ya ce in tattare lafayata in ɗaure a ƙugu tukuna, don fankar inji ba ta san matar gida ba. Ya ɗora mini muciyar a kunne. Wallahi na zaci ƙara ɗaya ce a cikin mota, ashe gari ne guda. Ya riƙa matsar da ita yana cewa, nan ruwa ne ke zagayawa, nan bel ne, nan kuma numfashinta ne. Sannan ya koya mini abin da ban manta ba. Ya ce ƙarar da za ta dame ki iri biyu ce. Akwai ta sama, siririya, kamar ana ƙwanƙwasa faranti da farce. Wannan mai ne ya kwanta a ƙasa bai hau ba, in kin yi haƙuri inji ya yi ɗumi za ta tafi da kanta. Akwai ta ƙasa, mai nauyi, kamar ana daka a gidan maƙwabta kina jin ta a ƙafarki. Wannan in kin ji ta ki kashe mota ki sauke mutane, don ba za ta kai ku ba. Ban san sunan ƙarfe ko ɗaya a cikin inji ba, har yau. Amma tun daga ranar nakan san lafiyar motarsa daga madafa, kamar yadda nake sanin wane ne cikin yarana ya yi tari a ɗaki.

Yanzu wa ke sauraron wani abu? Motocin yaran nan ba su da murya. Mutum ya danna wani abu da yatsa, ba ka san ta tashi ba sai ka ga tana tafiya. In ta yi ciwo wata 'yar fitila ce ke kamawa, a kai ta wurin mai na'ura ya soka mata waya ya karanta. Safiyar ma ta rikice. Janareta na wannan gida, keke na wancan lungu, kowa da waya a toshe cikin kunne. Ka yi wa yaro magana sai ka taɓa shi ya juyo. Ba na ce da can babu wahala ba. Akwai, har ta fi ta yanzu ta wani wajen. Amma a da kunne abokin mutum ne, shi ke faɗa maka hadari ya taso ko tukunya ta kama. Shekarun tashin hankalin nan su suka ɓata mana kunne. Mun kai lokacin da ƙofa in iska ta buga ta sai ka ga mata sun kwanta a ƙasa. Taya ta fashe a titi, kasuwa ta watse, mutane su bar takalmansu. Duk ƙarar da ba ka san ta ba, mutuwa ce har sai an tabbatar maka ba ita ba ce.

A cikin shekarun ne abin ya faru. Maigidana ya riga ya rasu. Manyan 'ya'yana sun kwashe iyalansu sun bar garin, ni na ce ba inda za ni, Modu ya ce shi ma ba zai bar ni ba. Farar motar nan ita ce ta ƙarshe da ubansa ya tuƙa, tana ajiye a rumfa cikin gida wata da watanni ba a tada ta ba, don babu mai, babu kuma inda za a je. An hana hawa babur. An yanke layin waya. Dokar hana fita tana kamawa tun rana ba ta faɗi ba. Da watan Falmata ya tsaya, Modu ya samo fetur a galan, Chidi ya ara masa batir. Da yammar da ciwo ya fara mata, su biyu suka turo motar da hannu zuwa ƙofar gida, don kada a ɓata lokaci da safe. Ba su tada ta ba, saboda tsimin mai, kuma ba a son jan hankali da ƙarar inji dab da doka. Haka ta kwana a waje, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka fara wannan masifa.

Gari na wayewa Ya Zara ta fito daga ɗaki tana goge hannu da zane. Matar da ban taɓa ganin ta ruɗe ba. Ta ce, "Hajja, wannan ya fi ƙarfina. Yaron a gicciye yake. A kai ta asibiti yanzu, ba anjima ba."

Muka kamo Falmata zuwa zaure. Ana sanyi mai shiga ƙashi. Modu ya shiga mota ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta sake yi, ta kama. Sai muka ji.

Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas-ƙas.

Siririyar ƙara, a jere, ba ta kuskure, daga cikin bonet. Modu ya kashe ta ya fito da gudu har ƙofar motar ta bugi bango. Chidi, wanda ya fito taya mu da bargo a kafaɗa, na ga ya tsuguna a bayan dakali. Ni ban san lokacin da na manne da ƙyauren zaure ba.

Ya Zara ce ta fara magana, da raɗa. "Innalillahi. Ai haka aka ce bam yake yi, kamar agogo. Hajja, jiya da na fito zubar da ruwa na ji takun mutum a bakin ƙofar nan. Na rantse na ji."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? Wa zai leƙa?"

Gaskiyarta. Modu ya kwanta rub da ciki daga nesa yana haska ƙarƙashin motar da tocila. Ya ce bai ga komai ba. To amma me muka sani? Babu wanda ya taɓa ganin abin a cikinmu, labarinsa kawai muke ji, da ƙararsa daga wata unguwa, da hayaƙi. Ya tashi ya karkaɗe riga, ya dubi zaure inda matarsa ke nishi, ya koma ya sake murɗawa. Ƙas-ƙas-ƙas. Ya kashe tun kafin ta yi numfashi biyu, ya sake fitowa.

Chidi ya ce daga bayan dakali, "Modu, batirin nan ba sabo ba ne fa. Ka ji yadda ya ja da ƙyar? In ka ci gaba da kunnawa da kashewa zai mutu, kuma ba ni da wani."

Ba mu da wanda za mu kira. In aka je aka faɗa wa masu bindiga a bakin titi cewa mota na ƙara a ƙofar gidanmu, motar za su ƙone, Modu kuma su tafi da shi su yi masa tambaya, kuma mun san samarin da aka tafi da su tambaya. Maƙwabta kuwa kowa ya kulle. Masu keke mai ƙafa uku ba sa fitowa sai rana ta ɗaga sun ga yadda gari ya kwana. Kuma ko da babu abin da aka dasa, in injin ne ya lalace, ya mutu mana a gaban shingen bincike, nan ma wata mutuwar ce, don motar da ta tsaya inda ba a ce ta tsaya ba, ba a tambayar ta dalili.

Sai nishin Falmata ya tsaya. Wannan shirun ya fi ƙarar ban tsoro. Na leƙa, idonta a buɗe, tana kallon rufin zaure. Ya Zara ta ɗaga gefen zane ta nuna mini tabarma. Jini.

"Hajja," Falmata ta ce, muryarta kamar daga rijiya, "ku bar shi kada ya shiga motar nan. Ku bar ni a nan."

"Rufe mini baki," na ce. "Ba a tambaye ki ba."

A tsaye a wurin ne abin ya faɗo mini. Sau biyu Modu yana tada ta, sau biyu yana kashewa kafin ta yi ɗumi. Mota ta yi watanni a kwance, ga sanyi, duk man ya sauka ya daskare a ƙasa. In dai ƙarar sama ce, ba za ta taɓa tafiya ba muddin ana kashewa, kullum daga farko za ta fara. Tsoronmu ne ke riƙe da ita. Amma hanyar sani ɗaya ce, a bar ta ta yi ta yi, wani kuma ya tsaya a kanta ya saurara. Na shiga madafa na ɗauko muciya.

"Chidi, zo ka buɗe bonet ɗin nan."

"Mama, ina da yara a gida."

"Ni ma ga nawa nan. Zo."

Ya zo yana taɓa goshi da ƙirji irin na addininsu. Ya ɗaga bonet a hankali kamar mai buɗe kwandon maciji. Ya duba, ya duba, ya ce, "Ban ga baƙon abu ba. Amma Mama, ni kayan mota nake sayarwa, wancan abin ban san kamanninsa ba." Na ce ya zaro sandar duba mai. Ya zaro. Akwai mai, baƙi ƙirin, mai kauri kamar maɗi. Na ce ya je ya taya Ya Zara su ja tabarmar Falmata zuwa can ƙuryar gida, bayan ɗakuna.

Na ce wa Modu, "Ka tada ta, ka fita ka bi su."

Ya ce, "Hajja, ba za ta tsaya ita kaɗai ba. Da sanyin nan sai an riƙe mata totur, in na ɗaga ƙafa za ta mutu."

Ban yi wannan lissafin ba. Na zaci raina kaɗai zan ajiye, ran tsohuwa. Ashe sai na zaunar da ɗan da ya rage mini a kan kujerar nan da bakina. Na dube shi. Yana da irin kunnuwan ubansa. Na ji fitsari yana neman zubo mini. In na yi kuskure, babu ma wanda zai rage ya ce ga wadda ta sa shi.

Na tattare lafayata na ɗaure a ƙugu tamau. Na ce, "Shiga."

Batirin ya ja, ya ja, kamar ba zai iya ba, sannan ta kama. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas. A kusa ta fi muni. Ƙafafuna suka ce in gudu. Na dasa muciyar can ƙasa a gefen inji, inda maigidana yake farawa, na manna kunne. Na riƙe da hannu biyu. A ƙasa gurnani ne kawai, mai laushi, babu daka. Na ɗago ta na ɗora a kan murfin sama. Nan take ƙarar ta shigo mini har cikin haƙora.

"Taka kaɗan!"

Ya taka. Ta ƙara sauri.

"Sassauta!"

Ya sassauta. Ta rage. Tana bin ƙafarsa. Agogo ba ya bin ƙafar kowa. Na faɗa wa kaina haka, amma zuciyata ba ta yarda ba, tana ce mini ke me kika sani, ke da ko alif ba ki iya ba, wa ya ce miki ba a ɗaura abin a jikin inji?

"Hajja, in kashe?"

"Cire hannunka daga makullin nan."

"Hajja, ba ta daina ba!"

"Na ce ka cire. Ka sa hannuwanka a kan sitiyari inda zan gan su."

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Da can tsawon kofin shayi ne, amma wannan kofin ya ƙi ƙarewa. Na ga ƙyauren gidan da ke kallonmu ya buɗe kaɗan, ido ya leƙo, aka mayar aka sa sakata. Na karanta duk abin da na iya, na ƙare, na koma farko. Ɗumi ya fara taso mini a fuska. Warin tsohon mai ya cika mini hanci, warin rigunan maigidana. Sai na ji ƙarar ta yi tsalle, ta ɓace sau ɗaya. Ta dawo. Ta sake ɓata. Ta riƙa sirancewa kamar ruwan sama in yana ɗaukewa a kan kwano, ɗigo nan, ɗigo can. Na danna kunnena har ya yi zafi ina neman ta. Babu. Sai numfashin inji, sumul, kamar yadda nake jin sa daga madafa ina amarya.

Chidi ya leƙo daga zaure. Ya saurara, sai ya fashe da dariya, hawaye na zuba. "Tafet ne, Mama! Mai ne bai hau ba!"

"Ka san sunansa tun ɗazu ka yi shiru?"

"Kaina ya sani, Mama. Ƙafafuna ne ba su sani ba."

"To kai da ƙafafun naka ku ɗauko mini yarinya."

Muka shimfiɗa ta a kujerar baya, kanta a cinyata, Ya Zara na riƙe da ƙafafunta. A kowane shinge Modu yakan tsaya daga nesa, ya fito ya ɗaga riga da hannuwa, motar a kunne, ni kuma kunnena na kan inji, ina roƙon kada ya yi ko tari. A shinge na ƙarshe wani mai bindiga ya leƙo ta taga, yaro ne ƙarami, bai kai Modu ba. Ya ga jinin, ya kauce, ya yi mana hannu mu wuce. A asibiti suka karɓe ta da gudu suka rufe ƙofa. Sai bayan azahar wata ma'aikaciya ta fito ta ce an yi aiki, an ciro mace, tana da rai, uwar ma tana da rai, amma da mun ƙara jinkiri da ba haka za ta faɗa mana ba. Modu ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Ni ban zauna ba. Na tambaye ta abin da mai jego za ta iya sha. Muka bar Ya Zara a wurinta, muka dawo gida kafin doka, aka shigar da motar rumfa aka kulle.

Washegari na tashi na dama kunun kanwa, na zuba a kwano na ɗaure da ƙyalle, na haɗa zannuwa masu tsabta. Modu ya fito da motar ya tada. Ta yi 'yar ƙas-ƙas ɗin nan kaɗan, ta daina tun kafin in gama sa takalmi. Ya buɗe mini ƙofa. Na zo har bakinta, na kama murfin, ƙafata ta ƙi ɗagawa. Na ce mata ta ɗaga, ta ƙi.

"Hajja, ai ke kika ce mai ne."

"Na ce."

"To shigo mana, kunun zai huce."

"Ka je. Ka ce mata ina tafe."

Na aza ƙullin zannuwan a ka, na rungume kwanon, na bi gefen titi da ƙafa. Ya riƙa bina a hankali yana magana ta taga, ban juya ba, har ya gaji ya wuce. A kowane shinge na ajiye kaya na kwance ƙyalle na nuna musu kunu ne. Da na isa ya huce sarai, ya yi kauri. Falmata ta karɓa ta shanye shi a haka, ba ta tambaye ni komai ba.